Sharar Gidanmu Tana da Masu Ita

Bayan ɗakin girkinmu akwai wani ɗan fili, taku tara a tsaye, taku shida a kwance. Sau uku na auna shi da ƙafata, domin a karon farko na yi tuntuɓe na manta inda na tsaya. Filin Umma muke ce masa. Lokacin da mahaifiyata take da rai, a nan take shuka alayyahu da yakuwa da tattasai, har maƙwabta su aiko a tsinko musu. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma a shekara huɗun nan ko ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin ba. Ƙasar ta yi fari fat, ta yi tauri kamar daɓe.

Ƙanen Baba, Baffa Safiyanu, ɗan acaɓa ne. Yana ɗaukar fasinja daga Ikara zuwa Malikanchi da Kurmin Kogi, wani lokaci har Makarfi. Bara ruwan sama ya shiga injin mashin ɗinsa sau biyu, kuma duk gidan nan babu wanda bai ji labarin ba sau goma. Wata Juma'a cikin rani, bayan an sauko daga masallaci, ya zo ya durƙusa gaban Kaka Lantana, wadda ita ce uwar Baba kuma ita ke yanke hukunci a gidanmu. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi akuyarta, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi.

"Inna, wannan filin na bayan kicin. Ina so in zuba masa siminti, in kafa 'yar rumfa, in riƙa ajiye mashin kafin ruwa ya sauko."

Ina zaune a bakin ƙofa da littafi a cinyata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Filin Umma ne."

A hankali na faɗa, amma Kaka tana jin abin da ba a so ta ji.

"Na'am? Malama ta yi magana?" Sunana Mukarrama, amma tun ranar da aka yanka min tabarau Kaka ta daina kirana da shi. "Allah Ya jiƙan Halima. To me za ki yi da filin?"

"Shuka."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Inna, wurin nan ko ƙusa sai da guduma take shiga."

Kaka ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Juma'a bakwai na ba ki. In na zo na ga kore a ƙasar nan, ko ganye ɗaya ne, fili naki ne. In na tarar da shi yadda yake, na mashin ne. Ku tashi ku ba ni wuri."

Ranar Litinin na ari littafin Aikin Gona a laburaren makarantarmu. A shafi na tamanin da huɗu aka yi bayanin yadda ake haɗa taki a gida. A haƙa rami. A zuba ɗanyen abu, kamar ɓawo da ragowar ganye. A bi shi da busasshen abu. A zuba kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a sake daga farko har rami ya cika. A riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan mako goma sha biyu taki ya nuna, sai a baza a fili a yi shuka.

Goma sha biyu ya fi bakwai. Na yi lissafin sau biyu, haka ya ci gaba da fitowa. Sai na yanke cewa zafin Ikara ya fi na garin da aka rubuta littafin, don haka namu zai fi sauri.

Kwana uku na yi ina haƙa da digar Baba bayan na dawo daga makaranta. Hannuna ya yi bororo. Baffa yakan leƙo ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. Ki zurfafa daga can gefen, nan zan kafa ginshiƙi."

Da rami ya samu, sai na koma ga jimlar da ta fi kwantar min da hankali a duk shafin: ana amfani ne da sharar gida wadda ba wanda yake buƙata. Wanda ya rubuta wannan jimla bai taɓa zuwa gidanmu ba.

Na fara da Anti Juwairiyya, matar Baffa, wadda ke mana girki. Na same ta tana feraye dankali. Na tsaya a bayanta ina maimaita maganata a zuci har sau huɗu.

"Anti, don Allah ɓawon nan nake so."

"Na Kyalla ne." Ko juyowa ba ta yi ba.

Kyalla ita ce akuyar Kaka. Tana ɗaure a turkenta kusa da zaure, tana da 'ya'ya biyu da kuma ra'ayi a kan kowa.

"To ganyen albasa fa?"

"Na Kyalla."

"Ruwan wankin hatsi?"

"Ƙasarin? Ke kina son Inna ta kore ni daga gidan nan ne?"

"Ƙanzo?"

Sai a nan ta juyo. "Ƙanzo shara ne? Kwaɗon da kika cinye ranar Asabar kika suɗe kwano, da me kike zaton aka yi shi?"

Na ce to toka. Ta nuna min tsohuwar tukunyar da take tace ruwan toka na miya, ta ce wadda ta rage kuma ita ake wanke tukwane da ita. Ta ƙara da cewa in ina son ta yi miyar kuka da shafi na tamanin da huɗu, in yago mata.

Na tafi wurin Kaka, na ce ko Kyalla za ta iya raba ɓawon da ni na mako bakwai kacal.

Kaka ta ce, "Je ki tambaye ta. In ta yarda, ni ba ni da magana."

Na je. Ban tambaye ta ba, tsayawa kawai na yi. Ta kalle ni tana tuƙa har na ji kunya na bar wurin.

Saura kashin dabbobi. Wannan na san yana da yawa, domin ni nake share shi kowace safiya in kai juji a bayan gida. Da Baba ya dawo daga gonarsa ta Malikanchi, na kawo masa ruwa, na jira ya sha, na jira ya ajiye kofin, na ce ina roƙon kwano biyar na kashin akuya.

Baba mutum ne mai sanyi. Ya ce, "Mukarrama, jujin nan tun lokacin girbi nake tara shi. Na san tsayinsa. Masarar da za ki ci baɗi tana cikinsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ɗebi kwano ɗaya. Ƙaramin."

A ƙarshen makon farko, abin da ke cikin ramina shi ne ƙaramin kwano ɗaya na kashin akuya da ɓawon ƙwai guda biyu. Washegari kaza ta shiga ta cinye ɗaya.

Ranar Lahadi da yamma ina wucewa ta zaure na ga Baffa a kan benci yana shan raken da ya zo da shi daga Kudan. Ya ɓantara, ya tsotse, ya tofar. A gabansa tuƙa ta taru fari tas. Na duba Kyalla, na ga ba ta ko kallon wajen.

"Baffa, wannan tuƙar ta wa ce?"

Ya daɗe yana dubana. "Tawa ce har lokacin da na tofar. Daga nan kuma ta duniya ce."

Na ɗauko tsintsiya da kwando. Busasshen abu ya samu.

Ɗanyen abu kuwa sai ranar kasuwa. Lokacin tumatir ne, ya yi yawa har kwanduna suna kwana a ƙasa, wanda ya fashe ana zubar da shi a bayan rumfuna. Na je rumfar wani dattijo, Malam Bobbo, wanda Umma take sayen iri a wurinsa a da. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Kaka, ya tambayi Baba, ya tambayi gona, ya tambayi makaranta. Ni kuma na tambayi iyali da kasuwa da zafi. Da gaisuwa ta ƙare na nuna tulin da ƙudaje suka rufe.

"Baba, wancan na wa ne?"

"Wancan? Miya za ki yi da shi? Faɗa min gidan da za a kai, kada in ci abinci a can."

"Rami zan zuba wa."

Ya gyara zama. "To. Allah Ya ba ramin lafiya. Kwashi har ki gaji."

Na ɗauko bokiti guda a ka. Bokitin yana yoyo. Farin hijabi na sa ranar, kuma ba zan yi bayanin yadda na iso gida ba, sai dai in ce mata biyu sun tare ni a hanya suna salati suna tambayar wa ya fasa min kai. Kafin in zuba a rami sai da na kai wa Kyalla ta gani, don kada a yi rigima daga baya. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya min baya. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Haka na yi ta yi. Tumatir, tuƙa, tumatir, tuƙa. Ruwa kuma na kafa tsohon baho a inda ake alwala, na riƙa tara wanda ya zuba. Wannan ma sai da na tambaya. Ba shi da mai shi.

A mako na uku ramin ya fara wari. Anti Juwairiyya ta riƙa girki da gefen ɗankwali a hanci, tana cewa, "Mutane suna shuka don su ci, mu an shuka mana abin da zai hana mu ci." Littafi ya ce wari alama ce ta ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen abu. Na ƙara tuƙa. Baffa bai san yana taimakona ba, ko kuma ya sani bai damu ba. Rake dai bai fasa sha ba.

A Juma'a ta huɗu na fito da sassafe na ga wani abu a bakin ramin. 'Yan tsirrai ne, sirara, kowanne da ganye biyu. Tumatir ne ya tsiro daga ruɓaɓɓen da na zuba. Na koma ɗaki da gudu na buɗe shafi na tamanin da biyar. An rubuta cewa taki mai kyau yana yin zafin da zai kashe duk irin da ke cikinsa. In aka ga tsiro a kan rami, to ramin bai yi zafi ba, aikin bai yi kyau ba.

Na koma na tuge su duka kafin wani ya gani, na tura su cikin ramin, tunda su ma ɗanyen abu ne. Washegari wasu suka fito. Na tuge. Jibi ma haka. Ina da ɗan littafin da nake rubuta ranakun juyawa, sai na buɗe sabon shafi na sa masa suna Kurakurai, na riƙa rubuta adadin kowace safiya.

Irin alayyahuna yana ƙulle a takarda a ƙarƙashin katifa. Littafi ya hana shuka da takin da bai nuna ba, wai yana ƙona saiwa. Don haka na jira. A Juma'a ta biyar Baffa ya sa aka sauke yashi a jikin katanga. A ta shida na tona saman ramin na ga tuƙa tana nan yadda ya tofar da ita, har da shatin haƙoransa. Ranar ban ci tuwo ba. Na zauna a bakin filin ina ƙoƙarin tuna inda Umma take tsugunawa in tana tsinkar yakuwa, na kasa tabbatarwa ko ta gabas ne ko ta yamma.

Na zaci sai bayan masallaci Kaka za ta zo duba fili a Juma'a ta bakwai. Da hantsi ta zo. Ina tsugune na gama tuge kurakuran ranar ke nan na ji ƙarar sandarta. Na miƙe na ɓoye hannuna a cikin hijabi. Baffa yana bayanta da igiyar awo, Anti ta leƙo ta tagar kicin da ludayi a hannu.

Kaka ta bi filin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta buga ƙasar da sanda, ƙasar ta amsa.

"To, Malama. Ban ga komai ba."

"Mako goma sha biyu ne, Kaka. Littafin ne ya ce..."

Baffa ya fara warware igiya. Bai yi dariya ba, wannan na shaide shi.

"Me kika dunƙule a hannu?" in ji Kaka.

"Ba komai. Kuskure ne."

"Buɗe mu ga kuskuren."

Na buɗe. Guda goma sha ɗaya ne, da saiwarsu da ƙasarsu. Kaka ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da idonta, ta murza ganyen ta shinshina.

"Daga ina?"

Na nuna bakin ramin. Na yi mata bayanin shafi na tamanin da biyar, da zafi, da iri, da yadda tsiro yake nuna aiki ya lalace.

"Tun yaushe suke fitowa?"

"Tun Juma'a ta huɗu."

"Kina yin yaya da su?"

"Ina tugewa."

"Guda nawa?"

Na ciro ɗan littafina. "Ɗari da arba'in da uku. Ban da na yau."

Anti Juwairiyya ta ajiye ludayi a bakin taga. "Inna lillahi. Mako huɗu ina girki cikin wari, ashe dashen tumatir na rabin unguwa ake binnewa a bayana."

Baffa ya ce, "Inna, ni dai magana ɗaya aka yi. A ƙasa aka ce. Ƙasa kuwa ga ta nan."

"Gaskiyarka," in ji Kaka. "Amma Juma'a sai rana ta faɗi take ƙarewa. Naɗe igiyarka tukuna."

Ta ba Baffa sandarta ya riƙe, ta durƙusa a bakin ramin da ƙafar nan tata mai ciwo. Ta ture tuƙar sama, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta fito da wani abu baƙi ƙirin mai laushi. Ban taɓa tonawa har can ba, domin littafi ya ce a juya, bai ce a duba ba. Ta shinshina ta miƙo min. Ƙamshin ƙasa yake yi bayan ruwan farko.

"Ƙasan ya nuna. Saman ne tuƙar Safiyanu, ita kuwa taurin kai ta gado. Ɗauko diga."

Ta sa na haƙa 'yan ramuka goma sha ɗaya, na cika kowanne da baƙin takin haɗe da ƙasa, na dasa, na ba su ruwan alwala. Ta sa na kife kwanduna da tsofaffin faya-fayi a kansu saboda rana. Sannan ta karɓi sandarta ta koma ɗaki, ta ce za ta dawo bayan la'asar.

Da azahar na ɗaga kwando ɗaya na leƙa. Dashen ya kwanta shame-shame. Ban ɗaga sauran ba. Na zauna a inuwar kicin da littafin a hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba. Anti ta miƙo min kunu ta taga.

Bayan la'asar Kaka ta dawo, Baffa da Baba suna biye da ita. Na ɗaga kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Bakwai sun kwanta. Huɗu suna tsaye, a ɗan sunkuye, kamar ni in ana min tambaya a aji.

Kaka ta ƙirga su da sanda. "Na ga kore."

Baffa ya dubi yashinsa. "To ni da mashin fa, Inna? Ruwa ya kusa."

"Ka zuba simintinka a turken Kyalla, kusa da zaure. Ya ma fi maka kusa da ƙofa."

"Ita kuma Kyalla ta koma ina?"

"Inda uwarta ta zauna." Kaka ta nuna kusurwar filin ta yamma. Ta juyo gare ni. "Halima ba ta taɓa haƙa rami ba. Rabin filin nan akuya take ɗaurewa, rabi ta yi shuka, shekara ta zagayo ta sauya musu wuri. Ɓawon da kike bin mutane kina roƙo, ta bakin akuya yake bi ya sauka a ƙasar nan. Da ta rasu na mayar da turken kusa da ɗakina, don ba na son zuwa nan baya. Shi ke nan abin da ya sami filin."

Baba ya yi gyaran murya, ina jin saboda jujinsa. Kaka ta dube shi. Ya fasa.

Na ce, "Kaka, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kin tambaye ni ɓawo. Kin tambayi Juwairiyya toka, kin tambayi ubanki kashin akuya. Wa kika tambaya yadda uwarki take yi?"

Na gyara tabarau.

"Ta gabas take tsugunawa," in ji Kaka, ko da yake wannan ma ban tambaya ba. Ta juya ta tafi.

Ramin yana nan, ban cike shi ba. Ina ci gaba da zuba masa tumatirin Malam Bobbo da tuƙar Baffa, wanda yanzu yake tofarwa kai tsaye cikin kwando. Mashin yana ƙarƙashin rumfarsa, kuma fasinjoji biyu sun ce kujerar tana warin akuya. Cikin bakwai ɗin da suka kwanta, biyu sun tashi daga baya. Na shuka alayyahun a gefensu. Na mayar da littafin laburare da jan tabo a shafi na tamanin da huɗu.

Kyalla tana kusurwar yamma. Wuni take yi tana kallon tumatirin, ni kuma ina kallonta. Igiyarta taku uku ce. Tumatir na farko yana taku huɗu daga turke. Na auna sau uku.